Toka da Yashi a Bututun Gidan Surukina

Zuwa ga Gwaggo Talatu, mai wannan fili,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Lahadin ƙarshen wata, domin abu ya tsaya mini a wuya kuma babu wanda zan iya gaya wa a gidan nan. Ki yi haƙuri da rubutuna. Ban taɓa zama a bencin makaranta ba, ajin yamma na coci ne ya koya mini haɗa baƙi bayan na haifi 'ya'ya uku, kuma kwana huɗu na yi a kan wannan takarda. Kada ki gyara mini magana, ki buga ta yadda take. Sunayen mutane na canja su, amma labarin babu ƙari ko kaɗan.

Ni mutumin Bomo ne. Shekara talatin da takwas na yi ina aikin famfo a gidajen ma'aikata a Samaru. Da diga na fara, ina haƙa rami, har na zama wanda ake aikowa a kira. Babu bututun da ke kwance a ƙarƙashin ƙasar nan da ban san ranar da aka binne shi da wanda ya riƙe fitila ba. Ko bayan na ajiye aiki, idan ruwa ya ɓalle, masu digiri su yi ta juya takardarsu, ƙarshe a turo mota ta ɗauke ni, in je in taka wuri da ƙafa in ce a haƙa nan, kuma nan ɗin ne. Ni kaɗai na rage da ke tuna Mordecai, abokin haƙana, wanda aka kora a shekarar da aka bar fam aka koma naira. Babban bututu ne ya fashe a ƙarƙashin digarsa, alhali shugaban leburori ne ya nuna wurin, amma da aka zo bincike shugaban ya yi shiru. Mordecai ya koma garinsu da mace da goyo. Duk wanda ya zauna da ni minti goma sai ya ji labarin nan, 'ya'yana har sun haddace. Na faɗa miki wannan ne don ki san ba da ƙaramin mutum kike magana ba.

Uwar 'ya'yana ta rasu bara waccan. Gwiwata ta fara gardama, sai autata Salome, wadda ke aikin jinya a Samaru, ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai ba. Ta kwaso ni zuwa gidan mijinta Felix a Sabon Gari, wajen Chikaji. Iyayensa daga kudu suka zo amma nan aka haife shi, yana sayar da kayan wuta, Hausa a bakinsa kamar ɗan Tudun Wada. Ke kin san abin da ake nufi a wurinmu namiji ya zauna gidan surukinsa. Kakana ko ruwa ba ya sha a gaban suruki. Ba zan yi wa Felix ƙarya ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma kullum Papa zauna, Papa huta, Papa bari za a kira mai gyara. Na zama kamar tsohuwar kujera da ake gogewa kowace safiya amma babu mai zama a kanta.

To, wata biyar da suka wuce Felix ya sayo wa matarsa injin wanke kwanuka, wanda aka taɓa amfani da shi, saboda tana dawowa daga aiki a gajiye. Ya kira Ebube, mai gyaran famfo da ke da shago a Sabon Gari, magidanci mai 'ya'ya huɗu, cocinmu ɗaya. Na tsaya a ƙofar kicin ina kallo. Na ga ya bar tiyon da ke fitar da ruwan dauɗa kwance a ƙasa kafin ya hau ya shiga bututun da ke ƙarƙashin sinki. Na buɗe baki zan yi magana, Felix ya dafa kafaɗata yana dariya, wai wannan na zamani ne, ba irin famfon lokacinmu ba. Na haɗiye maganata na koma ɗaki.

Ga inda nawa ya shigo. Akwai tukunyar uwar 'ya'yana, ta ƙarfe, ƙirar gida, da tasa biyu. Su kaɗai na ɗauko daga Bomo ban da kayan sawa da jakar aikina. A cikinta Salome ke tuƙa mini tuwon dawa, da miyar kuka da man shanu, don ba na iya cin abincinsu kullum. Shekara arba'in da shida matata tana goge tukunyar nan da toka da yashi har mutum ya ga fuskarsa a gindinta. Salome ta hana ni tsugunawa in wanke saboda gwiwa, ta ce komai a zuba a inji. Ni kuwa ban yarda ruwa da garin sabulu kawai za su fitar da ƙanzo ba. Saboda haka da sun fita da safe, sai in shafe tukunyar da toka da yashi, da kauri, in dirje, in saka ta a injin haka nan don ya ɗauraye. Tokar daga murhun matar ƙanena nake kawowa a leda duk Asabar, yashin kuma na bakin rafi ne. Da na ga abin ya yi kyau, sai na haɗa da farantai masu manja. Salome ta yi ta yabon inji, wai kayanta ba su taɓa ƙyalli haka ba. Ni kuma ina dariya a cikina.

Sai wata rana, bayan wata uku, inji ya gama aiki, ruwa ya tsaya a cikinsa, baƙi ƙirin, yana wari. Ebube ya zo, ya wanke rariyar da ke ƙasan injin, ya tafi. Kwana biyu abu ya dawo. Ya sake zuwa, ya zuba wani magani, ya ce ko famfon cikin injin ne ya gaji. Ga bikin godiyar kaka saura kwana ɗaya, Felix ya gayyato rabin coci cin abinci, Ebube kuma yana wani aiki can garin Jama'a, wayarsa ba ta shiga. Da hantsi suka fita kasuwa su biyu, suka bar ni da gida.

Gwaggo, na ɗauko jakata. Na zare wayar injin daga bango, na rufe ruwa, na kwashe wanda ya kwanta da kofi, na shimfiɗa buhu na kwanta rigingine a ƙarƙashin sinki da roba a gefena. Mu ba a koya mana mu kwance abu kafin mu saurare shi ba. Na ɗauki sifana na bi tiyon ina ƙwanƙwasawa, taƙi bayan taƙi, kunnena a jikinsa. Inda babu komai yana amsawa, inda ya toshe sai ya yi gum. Daidai bakin da tiyon ya haɗu da bututun sinki, nan ya yi gum. Na sassauta zoben ƙarfen da ke riƙe da shi, na murɗa a hankali, ruwa ya zubo a roba. Na lanƙwasa bakin waya na zura, na jawo. Sai ga wani abu ya fito, tsawon babban yatsana, launin toka, da tauri kamar siminti. Na wanke tiyon da ruwan zafi, na kwance gwiwar bututun ita ma na wanke, na mayar da komai. Sannan na ɗaga tsakiyar tiyon sama har ƙarƙashin teburin kicin, na ɗaure da robar tayar keke, don ruwan sinki ya daina gangarowa baya. Na kunna. Ki ji yadda ruwan nan ya wuce, ƙwal ƙwal ƙwal. Ina kwance a kan buhu ni kaɗai na ce, ashe hannun nan bai mutu ba. Aikin da mai shago ya zo sau biyu ya kasa, tsohon da bai san ƙofar makaranta ba ya gama shi kafin shinkafa ta nuna.

Amma da na fita haske na murje abin nan a tafin hannuna, na ji yashi. Na shinshina, na ji man shanu. Uwata da toka da mai take dafa sabulu, na san abin da ke faruwa idan suka haɗu a wuri mai ɗumi. Sabulu na dafa a cikin tiyon surukina, na zuba masa yashi ya zama dutse. Na naɗe shi a leda na jefa cikin jakata.

Da suka dawo, Salome ta yi guɗa. Felix ya durƙusa ya leƙa, ya tambaye ni mene ne. Na nuna masa tiyon, na ce an bar shi kwance ne, na ɗaga. Wannan gaskiya ce, ki rubuta, gaskiya ce. Sauran ne ban faɗa ba. Washegari a gaban baƙi Felix ya miƙe da kofi a hannu ya ce daga yau ba Papa ba ne, Injiniya ne. Ya ja maza ɗaya bayan ɗaya zuwa kicin yana nuna musu robar tayar keke. Aka zagaye ni, na ba su labarin bututun Samaru, har da na Mordecai, babu wanda ya duba waya. Tun daga ranar Felix ba ya canja ko kan famfo sai ya tambaye ni. Da safe shi yake kawo mini shayi da hannunsa. Shekara biyu ina gidan nan, yanzu ne na fara tafiya a tsakar gida ba a raɓe ba.

Sai dai Felix bakinsa ba ya riƙe magana. Ya bi shaguna yana cewa Ebube ya kusa kashe masa inji. Na ji masu gida biyu sun fasa ba shi aiki. Makon jiya Ebube ya zo da kansa, da burodi da lemo a leda. Ƙato, ya tsuguna a gabana ya cire hula, ya ce Baba a nuna masa inda ya kuskure, don shekara goma sha biyar yana ɗaura irin tiyon nan bai taɓa ganin ya toshe a wata uku ba, kuma abin ya hana shi sukuni. Na yi masa dogon bayani a kan ɗaga tiyo. Ya yi godiya ya tafi. Burodin nan ban iya ci ba.

Yanzu zumuntar maza ta cocinmu za ta zauna Lahadin ƙarshen wata a kan wanda za a ba aikin ruwa na sabon ginin coci. Da farko Ebube za a ba. Felix ya ce a bari Injiniya ya yanke, kowa ya yarda.

Ni dai ga yadda nake gani. Ban ce Ebube ya toshe ba, Felix ne ya ce. Tiyon kuma a kwance ya bar shi, da ya ɗaga shi wataƙila da tokata ta wuce. Mai gyaran da ya zo sau biyu bai kwance mahaɗa ba, ai yana da nasa. Tokar ma na daina, tukunyar a ɓoye nake wanke ta bayan gida. Kuma toka ba laifi ba ce, da ita aka wanke kwanon da ya raini duk masu digirin nan. Ba zan iya tsayawa gaban mijin 'yata in ce ni na ɓata masa kaya ba, in koma Papa zauna, Papa huta. Shin ba zan iya cewa kawai a ba Ebube aikin, na yafe masa, a rufe maganar ba? Ko akwai wata hanya da ba sai na buɗe jakar nan ba?

Naki,
Tsohon Mai Famfo, Sabon Gari

AMSA

Baba, ina gaisuwa, kuma ban taɓa ko harafi ɗaya a takardarka ba.

Bari in fara da abin da yake naka. Aikin da ka yi aiki ne. Ka cire wuta, ka rufe ruwa, ka nemo inda ciwon yake kafin ka kwance komai, ka gyara, sannan ka toshe hanyar dawowarsa. Duk mai irin wannan inji da ya karanta ya samu darasi kyauta: idan ruwa ya tsaya kuma rariya a wanke take, a duba mahaɗar tiyo da bututun sinki, kuma kada a bar tiyon kwance. Sunan da Felix ya sa maka, a kan buhun nan ka same shi da gwiwa mai ciwo. Babu abin da ke cikin jakarka da zai goge wannan.

Ebube ma yana da nasa, kamar yadda ka ce. Ya bar tiyo a ƙasa, ya zo sau biyu bai bi hanyar ruwan har ƙarshe ba. Felix kuma ya yi saurin baki a kan abincin wani. Amma ka auna da kanka, kai ne mai sana'ar. Laifin Ebube na a ja masa kunne ne. Abin da ake hukunta shi a kai yanzu, wato toshe inji a wata uku, ba shi ya yi ba, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san haka.

Hanyar da ka kawo ba za ta yi ba. Idan ka ce a ba shi aiki ka yafe masa, ka tabbatar wa zumunta ke nan cewa ya yi laifin, kai kuma ka ƙara samun yabon mai haƙuri a kan bayansa. Zai sami ginin coci, masu gidan nan biyu ba za su dawo ba, kuma zai ci gaba da zargin hannunsa. Ka ce kai ba ka faɗi ƙarya ba, shiru kawai ka yi. Baba, koma sama ka karanta abin da ka rubuta a kan shugaban leburorin nan. Shi ma bai ce Mordecai ne ba. Shiru ya yi. Shekara hamsin kana ba da labarinsa, kuma ban ji ka yafe masa ba.

Ga shawarata, kuma a wannan makon. Ka fara da Salome, ku biyu, ka ajiye dunƙulen nan a gabanta ka gaya mata daga farko. Za ta yi faɗa, ina jin za ta yi dariya, idan kuma ta ji don tukunyar mahaifiyarta ka yi, kada ka yi mamakin hawaye. Na san nauyin da ke tsakaninka da suruki, don haka ita ta zauna tare da ku lokacin da za ka gaya wa Felix, amma daga bakinka zai ji. Ka faɗa a tsaye, kamar mai sana'ar da ke ba da rahoton aiki: ga abin da na samu, ga inda ya fito, ga gyaran. Sannan ka ce masa shagunan da ya bi ya ɓata sunan Ebube, ya sake bin su ya gyara. Yanzu yana jin maganarka, ka yi amfani da ita a nan.

Bayan haka ka aika a kira Ebube. Ka sa masa dunƙulen a hannu ya murje da kansa, ka ba shi haƙuri. A taron zumunta kuwa ka faɗi duka biyun, nasa da naka, gajere, ka bar su su zaɓa. Idan aka ba shi aikin, ka nemi a ajiye maka kujera a wurin ginin.

Tsoronka shi ne ka koma Papa zauna. Ba zan yi maka alkawarin cewa ba za a tsokane ka ba, mai yiwuwa har ƙarshen shekara ana tambayarka farashin toka. Amma Felix ya ga ruwa ya wuce da idonsa, kuma gobe idan famfo ya lalace ya san ɗakin da zai ƙwanƙwasa. Kuma bari in gaya maka abin da ka riga ka sani. Ka canja sunaye, to, amma gida nawa ne a wajen Chikaji ke da injin wanke kwanuka ɗaure da robar tayar keke, da tsoho daga Bomo da ake kira Injiniya? Mutumin da ya yi kwana huɗu yana rubuta wannan, ya ce a buga yadda take, ya riga ya yanke shawara. Ka dai yi sauri ka riga jarida isa wurinsu.

Tukunyar kuma a daina ɓoye ta. Toka da yashi ba su da laifi, injin ne ba a yi shi dominsu ba. Salome ta samo maka kujera mai tsayi da tebur a tsakar gida, ka goge ta a fili yadda mai ita take yi, ka zubar da ruwan a ƙasa, ba a sinki ba. Sauran farantai a share musu mai da ragowar abinci kafin su shiga inji.

Abu na ƙarshe. Ranar da Ebube ya zo, kada ka bar shi ya tafi da haƙuri kawai. Ka shimfiɗa masa buhun nan a ƙarƙashin sinki, ka miƙa masa sifana, ka koya masa yadda ake sauraron bututu. Wannan ba ya cikin kowace takarda, a kunnenka kaɗai yake, kuma ga wanda ya cire hula ya roƙa.

Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, ya ji ƙan uwar 'ya'yanka, ya sa idan an zo ba da labarinka a Sabon Gari a ba da shi da daɗi. Idan Ebube ya sake kawo burodi, ka ci.

Gwaggo Talatu